Gero Ya Fid da Kai Sau Bakwai

Shekara huɗu Junaidu ya yi yana haɗa waƙoƙi tara. Da rana yana gyaran injinan ban-ruwa na manoman albasa tsakanin Konni da Malbaza, hannunsa baƙi ƙirin da mai. In la'asar ta yi sai ya wanke hannu, ya ɗauki jitarsa, ya nufi situdiyon abokinsa Tanimun da ke bayan tasha. Ɗaki ɗaya ne, an manna soso a bangonsa don kada ihun ƴan kamasho ya shiga cikin waƙa.

Waƙoƙin ba na rawa ba ne. Babu kirari, babu sunan alhaji ko ɗaya. Murya ce ƙasa-ƙasa da jita a hankali, mutum yana magana da kansa a kan rijiyar garinsu da ta ƙafe, da abokin da ya tafi Libiya bai ƙara kira ba, da tsoron tsufa kafin ka gama abin da ka fara.

"Wallahi in direba ya sa wagga a hanyar garin Tawa, sai dai a tsamo shi cikin gonar mutane," in ji Tanimun. "Ko sunan mutum guda ka jefa mana, Junaidu. Ko na mai shayi."

"Mai shayi bai yi mini komi ba."

"Shi ya sa za ka ambace shi, ya fara yi maka!"

Junaidu bai jefa ba, kuma ya yi daidai. Wanda ya fara saka sunaye a waƙa don a so shi, ba ya ƙara samun wurin faɗin abin da ke ransa.

Akwai alkawari a kan wannan jita. Ranar da Junaidu ya fara kai ta gida, Tungar Ado ta ƙasar Tajaye, mahaifinsa Malam Munkaila bai hana shi ba. Manomi ne mai ƙarancin magana. Ya dubi jitar, ya dubi ƙasa, ya ce, "Gidanmu ba gidan maroƙa ba ne. A yi waƙa. Amma ranar da ta jawo wa gidan ga kunya, ranar za a aje ta, ba a ƙara ɗauka." Junaidu ya ce ya yarda, a gaban Gwaggo Hafsatu, yayar mahaifin nasa. Kuma shi ba mai saɓa magana ba ne.

Waƙa ta bakwai a albam ɗin ba tasa ba ce. Ta mahaifiyarsa ce, Uwani, wadda ta rasu shekara biyar da suka wuce. Junaidu yana da shekara uku Munkaila ya tafi ci-rani Abijan, ya ce damina na faɗuwa zai dawo. Shekara bakwai ya yi. A cikin shekarun nan Junaidu ya tashi a gefen dutsen niƙa, yana jin uwarsa tana murza gero tana rerawa ƙasa-ƙasa, kowace shekara tana canza lissafin. Da ya kai shekara goma aka kai shi Konni wurin kawunsa don lakwal, wato makarantar boko, da waƙar a kansa kamar yadda ya ji ta a ƙarshe:

Ya ce in gero ya fid da kai zai dawo,
Gero ya fid da kai sau bakwai.
Na daina tambayar masu mota,
Sun san fuskata, suna kau da kai.
Mai tabo a gira, mai tafiyar sauri,
Ka bar mini dutse, ka bar mini yaro.
Dutsen ya yi rami, yaron ya yi tsawo.

Bai taɓa kalma ɗaya ba. Jita kawai ya shimfiɗa mata. Ya ce kuma dole a ji ƙarar niƙa a ƙarƙashin muryar, don haka ya sayo dutse a kasuwa, ya durƙusa gaban makirfo ya niƙa gero da kansa. Tanimun ya yi dariya har da hawaye.

"Da na ɗauki hotonka, da ba ka ƙara samun mata a garin ga!"

Amma da suka saurari abin da aka ɗauka, Tanimun bai yi dariya ba. Ya cire abin kunne ya aje.

Saura mako biyu a fid da albam, Junaidu ya kai waƙar wani gidan rediyo a Konni don mutane su ɗanɗana. Cikin kwana uku ta shiga wayoyi. A ransa, uwarsa ya girmama. Bai tambayi kowa a gida ba. Wannan kuskure ne, kuma ba amfanin a saka masa wani suna. Ya bar ƙauye yana ƙarami, ya riƙe waƙar, ya manta da ƙa'idarta.

Ranar kasuwar Illela, Malam Munkaila ya je sayen igiya da buhuna, don gero ya fara fid da kai, kaka ta matso. Yana wucewa ta gaban rumfar mai cajin waya sai ya ji ƙarar dutse daga lasifika, sannan murya ta biyo. Ya tsaya cak. Mutanen Tungar Ado da ke wurin suka dubi girarsa ta hagu, inda tabon yake tun yana saurayi, suka sunkuyar da kai. Taubashinsa Dogo ne kawai bai sunkuyar ba, don shi wasa tsakaninsu gado ne.

"A'a! Mai tafiyar sauri!" in ji Dogo da ƙarfi. "Ashe har rediyo ta san ka? Yau ina za a yi, Abijan ko gida?"

Wasu suka yi dariya. Munkaila bai sayi igiya ba. Ya juya ya hau amalanke ya koma gida.

Washegari da safe wayar Junaidu ta yi ƙara yana tsakiyar kwance wani inji. Gwaggo Hafsatu ce.

"Ka taho gida yau. Ka taho da abin kiɗan nan naka."

"Gwaggo, lahiya?"

"Kai za ka gaya mini."

Ya ɗaure jitar a bayan babur ɗinsa ya kama hanya. Ya tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake. Ko gaisuwarsa ba ta bari ya ƙare ba.

"Zamna. Kai dai ka yi lakwal, amma ban san mi aka koya maka ba. Waƙar niƙa ka kai rediyo?"

"Waƙar Inna ce, Gwaggo. Ban so ta ɓace ba."

"Na san ta wa ce, ni na yi mata wankan jego da ta haihe ka. Ka san dalilin da ya sa mace take faɗin abin da ke ranta a kan dutse? Don abin da aka faɗa a kan dutse ba a ji shi ba. Miji zai wuce ya yi tari ya ƙara sauri. Uwar miji za ta ji ta ci gaba da kaɗinta. Kowa ya ji, ba wanda ya ji. Ba a amsa ta, ba a kai ta gaban manya, ba a tuna wa mutum ita. Haka muka zamna da juna ba mu kashe juna ba. Kai kuma ka ɗauko ta ka sa mata lasifika a tsakiyar kasuwa. Yanzu ta zama magana. Har Dogo ya samu abin yi."

Sai a lokacin Junaidu ya ga girman abin.

"Uwarka ba ta taɓa gaya wa ubanka kalma guda ta zargi ba bayan ya dawo. Guda! Ta rufa mishi asiri har ta shiga kabari. Kai ka buɗe."

"Mi Baba ya ce?"

"Bai ce komi ba. Tuwo ma bai ci ba. Kana tune da alkawarinka?"

"Ina tune."

"To ɗauki abinka mu tahi gona. In ya ce aje, ka aje, kada ka sa ni jin kunya ni ma."

Da hantsi suka isa. Geron ya fi mutum tsawo, kawunan sun fito kore shar. Malam Munkaila yana zaune a gindin aduwa yana gyara ƙotar lauje. Junaidu ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwantar da jitar a ƙasa tsakaninsu, ya janye hannunsa daga kanta.

Junaidu ɗan fari ne. Tun da aka haife shi mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yaba masa a gaban mutane ba, kuma ba ya son yi masa doguwar magana ido da ido. Kunyar ɗan fari ce, ba ƙiyayya ba. Don haka ya dubi yayarsa.

"Yaya, ki tambaye shi, guda nawa ne?"

"Ga shi gabanka, kurma ne?" in ji Gwaggo. Amma ta juya. "Guda nawa ne?"

"Tara."

"Ki ce ya sa su duka. Daga farko. Ba na yanke wa abu hukunci da kunne guda."

Junaidu ya ciro waya ya ɗora a kan tabarma. Waƙa ta farko ta fara. Munkaila ya ci gaba da aikin laujensa kamar ba shi ake yi wa ba. A ta biyu, ta rijiyar da ta ƙafe, hannunsa ya rage sauri. A ta huɗu, ta abokin da ya tafi bai ƙara kira ba, ya aje laujen gaba ɗaya. Junaidu bai ɗaga kai ba. Yana kallon jitar, yana tuna ranar da ya saye ta, yana lissafa wa kansa cewa injinan ban-ruwa ba za su ƙare ba, zai ci abinci. Wannan lissafi bai sanyaya masa rai ba.

Ta bakwai ta zo. Ƙarar dutse, sannan muryar. Gwaggo Hafsatu ta ja gyalenta ta rufe baki. Munkaila ya zuba wa geron ido har ta ƙare, ya bari ta takwas da ta tara suka wuce. Wayar ta yi shiru. Tsuntsaye kawai ake ji.

"Wa ya yi niƙan ga?" Munkaila ya tambaya.

"Ni ne, Baba."

"Na sani. Namiji ne. Ko jaki aka ba dutse zai fi haka."

Dariya ta ƙwace wa Gwaggo, ta danne ta da ƙyar.

"Kuma ba dutsenta ba ne. Nata yana da kauri a murya. Wanga sabo ne, yana ƙara kamar kwano." Ya dubi wayar. "Ban ji sunan kowa ba cikin taran ga."

"Babu, Baba."

"Ba ka roƙi kowa ba."

"Ban roƙa ba."

Munkaila ya gyaɗa kai sau ɗaya. Sannan ya yi abin da bai saba ba, ya daina bi ta kan yayarsa, ya yi magana kai tsaye, ko da yake idonsa na kan ƙasa.

"Jiya na ji kunya. Tun Illela har gida ina neman wanda zan ɗora wa laihi. Na ɗora maka. Na ɗora wa Dogo. Da sahe na bi waƙar kalma kalma ina neman ƙarya a ciki. Ban samu ba. Na ce zan dawo in gero ya fid da kai. Ban dawo ba. Ba ɗaure ni aka yi ba, ba ciwo na yi ba. Shekarar farko ban samu komi ba, na ji kunyar dawowa hannu wofi, na ce baɗi. Baɗi ta zo na ce baɗi. Kunyar da nake gudu ita ta riƙe ni shekara bakwai. To kunyar gidan ga ba jitarka ta kawo ta ba. Ni na kawo ta, tun kana tahiya ba wando."

"Munkaila," in ji Gwaggo a hankali.

"Bari in ƙare, Yaya. Laihinka guda ne, kai. Ba ka tambaya ba. Da ka tambaya, da ba ka kai wa duniya rabin waƙa ba."

Junaidu ya ɗago kai a karon farko. "Rabi?"

"An kai ka Konni bayan kaka, ni na dawo da rani. Ba ka nan. Na shigo da la'asar da buhu guda, babu komi ciki sai tsummokara. Ta ba ni ruwa, ba ta tambaye ni komi ba. Washegari da sahe na hito zan tahi gaida mutane, na ji dutse. Na tsaya bayan zana. Ya kamata in yi tari in wuce. Ban wuce ba. Ta yi wagga da ka sani tun daga farko har ƙarshe, ina tsaye ina ji. Sai ta ƙara wani abu. Sau guda ta yi shi. Bayan nan injin niƙa ya zo garin ga, ban ƙara jin ta a kan dutse ba."

"Shekara ashirin kana riƙe da shi ba ka gaya mini ba?" in ji Gwaggo.

"Ke kika ce ba a ji."

Bai iya rerawa ba, kuma bai gwada ba. Ya faɗe shi kamar mai ba da saƙo, a hankali, don kada kalma ta faɗi:

Jiya da la'asar ƙofa ta yi motsi,
Buhu babu nauyi, mai shi ya rame.
Na ba shi ruwa, ban ce ina ka tsaya ba.
Yau na ƙara mudu guda a kan dutse,
Hannuna bai yi ƙorafi ba.

Gwaggo Hafsatu ta share ido da gefen gyale, tana cewa ƙaiƙayin gero ne, alhali geron ko nuna bai yi ba.

"Maimaita," in ji Munkaila.

Junaidu ya maimaita. Ya ce "ya gaji" a maimakon "ya rame", mahaifinsa ya gyara masa da kaushi. Ya sake, har sau uku, sai da ya zauna daidai.

"Baba, in ka yarda, ka zo Konni ka faɗe shi da bakinka a ɗauka. Mutane su ji daga gare ka."

"A'a. Ba a amsa waƙar niƙa. Ni ba amsa na yi ba, ajiyarta na ba ɗanta." Ya nuna jitar da haɓa. "Ɗauke abin ga daga ƙasa, gara za ta ci shi."

Junaidu ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya kakkaɓe mata ƙasa.

"Sharaɗi biyu. Ba za ta sake hita rabi ba. Kuma ba da wancan kwanon naka ba," in ji Munkaila.

Dutsen Uwani yana bayan rumbu, inda aka jingine shi tun zuwan injin niƙa. Munkaila da kansa ya kawar da ciyawar da ta rufe shi, ya wanke shi da ruwa, ya kama gefe ɗaya, ɗansa ya kama ɗaya, suka ɗora a amalanke zuwa bakin hanya. Tsakiyarsa ya yi rami mai santsi, daidai tsawon hannun mace ɗaya. Gwaggo Hafsatu ta ce ita za ta yi niƙan, tunda an rasa mata a Konni har maza na durƙusawa.

Tanimun ya ga tsohuwa ta shigo masa situdiyo da dutse da ƙwaryar gero, ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. Sai dai in na ɗaga hannu ki fara, in na sauke ki tsaya."

"Tun uwarka ba ta yi wayo ba nake niƙa, yaro. Kai dai kunna abinka ka bi ni."

Ya bi ta. Sau ɗaya aka ɗauka. Fitowar albam ta yi jinkirin mako guda saboda wannan, aka sa masa suna Dutsen Inna. Bai cika gidajen biki ba, kuma ba don su aka yi shi ba. Masu ɗinki suka sa shi a shaguna, mata suka riƙa tura wa juna ta bakwai. Wasu direbobin ma sun saka, ba a kuma tsamo kowa daga gona ba.

Bayan an yanke gero, Malam Munkaila ya koma kasuwar Illela. Ya bi ta gaban rumfar mai cajin waya da gangan. Mai rumfar ya gan shi, ya yi sauri zai kashe lasifikar, don ta bakwai ce ke ciki.

"Bar ta," in ji Munkaila. "Ƙara murya."

Dogo yana kan benci yana cin goro. "Mai tabo a gira! Yau kuma da kanka ka zo a yi maka?"

"Rufe baki ka ji niƙa, kai da matarka ko ƙorafi ba ta iya yi da daɗi ba."

Aka yi dariya, wannan karon tare da Munkaila ake yi. Ya tsaya da sandarsa, mutane na kallon girarsa, bai sunkuyar da kai ba. Masu mota suka kau da kai a cikin waƙar, dutse ya yi rami, yaro ya yi tsawo. Sannan sabon baitin ya shigo, wanda yawancinsu ba su taɓa ji ba. Dogo ya daina taunar goro.

Wani baƙo mai awon hatsi, wanda bai san kowa a wurin ba, ya ce, "Kai, wannan mawaƙi ya iya. Wane ne shi?"

Mutanen Tungar Ado suka zuba wa Malam Munkaila ido su ga yadda zai yi, tunda sun san sunan ɗan fari ba zai fito daga bakinsa ba.

"Na gidana ne," in ji Malam Munkaila. "Mai waƙar ma ta gidana ce."

Ya jira har ƙarar dutsen ta ɗauke. Sannan ya wuce layin masu igiya, a hankali.